Kafin Ka Ba Rabi'u Aron Gonar Tsamiya

Fatakwal,
ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uban da ya kwana biyu bai ga fuskar ɗansa ba. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙanwarka Bilkisu da duk wanda ke kwana a gidan. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya sa tafiyar da ke gabanka ta zama ta alheri.

Ba zan cika ka da labarin nan ba. Ruwa ne kullum, ɗinkin buhu ne kullum, yatsuna sun fara gardama da basilla. Shi ke nan labarin.

Ka san abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ka kira ni ka ce an ɗauke ka aikin koyarwa a Kaduna, za ka tafi kafin ruwa ya sauka, na yi murnar da na daɗe ban yi irinta ba. Sai ka ce kana so ka bar gonar Tsamiya aro a hannun abokinka Rabi'u. Na ce wane Rabi'u? Ka ce Rabi'un marigayi Malam Haladu. Ka ƙara da cewa, "Ba sai an yi wata takarda ba, Baba, ai Rabi'u ɗan gida ne." Ka ji abin da na yi. Na ɗaga murya har 'yan dako suka waiwayo, na ce muddin ina numfashi jinin Haladu ba zai sa fartanya a gonata ba, na kashe waya.

Mako uku ke nan. Ka yi haƙuri da ni. Gonar Tsamiya ita kaɗai ta rage mana, daga ita mahaifiyarka da Bilkisu ke ci, kuma idan ta suɓuce ba ni da wani wurin da zan nuna in ce nan ne namu. Amma ihu ba amsa ba ce. Kana da shekara goma sha uku lokacin da muka rasa gonar Marke, kuma abin da ka tashi da shi shi ne gidan Haladu sun cinye mana gona. Ni na sa muku wannan a kunne. Yau zan gaya maka sauran, kuma ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka ga amsata.

Bari in ɗan faro daga nesa, don ka san nauyin abin da ke hannunka. Gonakin nan biyu ba saye aka yi ba. Kakan babana ne ya sare su. A zamaninsu ƙasa ta fi mutane yawa. Baƙo ya zo ya gai da mai gari, a haɗa shi da wani ya nuna masa daji da sanda, daga wancan marke zuwa waccan tsamiya. Abin da ka sare ka noma naka ne, 'ya'yanka su gada, amma fa muddin kuna nan. Ka yi ƙaura, gona ta zama saura, sai ta koma hannun mai gari ya ba wani. Da Turawa suka zo suka ce ƙasa duka tana hannun hukuma, aka riƙa turo masu awo suna zagaya gonaki suna rubutawa, don a san harajin kowa. Kakarka Iya ta ce har ɓoye gona wasu suka yi don gudun haraji, ga shi daga baya jikokinsu na neman sunan kakansu a littafi babu. Ni kuma ina yaro, zamanin soja, muka ji a rediyon mai shayi wai an yi doka, ƙasa duka ta koma hannun gwamna, ta ƙauye kuma ƙaramar hukuma ce mai ba da izininta. Babana ya saurara har aka gama, sai ya ce, "To madalla. Sai a gaya wa gwamna gonarsa ta Marke tana son maimai." Aka kwashe da dariya, kowa ya saɓa fartanyarsa.

Ka lura, Nasiru. Sarakuna sun ce tasu ce, Turawa sun ce tasu ce, gwamna ya ce tasa ce, amma duk cikinsu babu wanda ya raba gidanmu da ko kunyar noma ɗaya. Ni na raba mu da rabin abin da na gada, da bakina, da rana tsaka, ina sanye da sabuwar shadda.

Ga yadda aka yi. Bayan babana ya rasu gandu ya watse, kowa ya kama rabonsa, ni na sami Marke da Tsamiya. Damina biyu a jere ba su yi kyau ba, sai na ce bari in je Kurmi cin rani, wata huɗu in dawo. Shekara talatin ke nan ina wata huɗun. Da zan tafi na bar Tsamiya a hannun Ɗanjuma, ɗan ƙanin babana, yana nomawa yana ba gida kaso. Marke kuma na ba Haladu aro. Haladu maƙwabcinmu ne, abokina tun muna kiwon awaki, ga iyali ga ƙaramar gona. A zauren Baffa Sule muka yi maganar, gaban Baffan da limaminmu na lokacin da tsohon mai unguwa. Aka shafa fatiha, aka watse. Babu takarda. Da na nemi takarda ma da an ce na raina dattawa.

Ka san aro ba haya ba ce, ba a biyan komai. Amma akwai al'ada. In an yi girbi, mai aro zai ɗauko dami ɗaya a ka, ya ratso gari da shi ido na ganin ido, ya dire a ƙofar mai gona. Ba don mai gona yana buƙata ba. Ni lokacin ban san haka ba, ko in ce na sani ban ɗauke shi bakin komai ba.

Shekarar farko na zo gida da kaka, lokacin bikin ƙanena. Na zo da rediyo, da agogo, da shaddar nan da har yau nake tuna launinta. Muna zaune a ƙofar gida ana ta zuba, samari na ce mini "Alhajin Kurmi," ni kuma kaina na ƙara girma. Sai ga Haladu da damin gero a ka, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dire, ya ce, "Salamu alaikum, yayan ango. Mai gona, ga na gona."

Na ce, "Haba Haladu! Ni da kai har da dami? Ka ga na yi kama da mai jin yunwa? Mayar wa yara su sha fura."

Ya ce, "A'a Idi, a bar al'ada a inda aka same ta."

Wani daga gefe ya ce, "Kai Haladu, mutumin da ke cin shinkafa da kifi me zai yi da geronka?" Aka yi shewa. Ni kuma don in cika girman, na rantse sai ya mayar. Na tashi da kaina na taya shi ɗaukar damin. Ya ratsa gari da shi ya koma, kamar yadda ya ratso da shi ya zo, kowa na kallo.

Ina shiga gida Iya ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Zo nan, shashasha. Kana tsammani don cikinka aka kawo? Damin nan shi ne bakin gonar. Duk shekara shi zai bi gari yana gaya wa mutane mai ita. Yau ka toshe mata baki." Na ce, "Iya, wannan ai zancen mutanen da ne." Ta ce, "To Allah ya sa mutanen yanzu su fi su hankali," ta juya ta ci gaba da kaɗinta. Haladu bai sake kawo dami ba. Ta yaya zai kawo, bayan na kunyata shi a bainar jama'a?

Saboda haka ɗana, in an kawo maka hakkinka ka karɓa, komai ƙanƙantarsa, ka yi godiya da murya yadda na kusa za su ji. In kana son yin kyauta, karɓi tukuna, washegari ka aika masa da abin da ya fi shi. Ni a lokacin gani nake karamci na yi. Ba karamci ba ne, nuna isa ne, kuma mutumin da na wulakanta ranar ya fi ni sanin ya kamata.

Kuskure na biyu ya fi na farko sauƙin aikatawa, don shi shiru kawai ake yi. Wata Sallah, bayan shekara biyar ko shida, na bi ta Marke zan je gaisuwa Kademi. Na ga an dasa 'ya'yan mangwaro a gefen yamma, an kewaye kowanne da ƙaya. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mai aro ba ya dasa itace. Hatsi na shekara ne, itace na jikoki ne, wanda ya dasa shi yana cewa ne ba inda za shi. Na tarar da Haladu yana ba su ruwa da tulu. Ya ɗago ya dube ni, kamar mai jiran in ce wani abu. Ka san me na ce? Na ce, "Ka kyauta, za a sami inuwa." Na wuce. Kunyar abota ta hana ni, da kuma tsoron kada a ce Idi ya je Kurmi ya koyo rowa. Haka na yi ta zuwa duk shekara, ina ganin mangwaro na girma, har aka fara aiko muku da shi a ƙwarya, kuna sha, ni ma ina sha.

Magana mai nauyi, Nasiru, a faɗe ta tun tana da sauƙi. Da na ce, "Haladu, dasa, amma a kira mai unguwa ya ji cewa da izinina ka dasa," da ransa ya ɗan ɓaci na yini ɗaya, mu shirya. Na guji ɓacin ran yini ɗaya, na sayo na shekara goma sha biyu.

Da Haladu ya rasu, aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka sa Marke cikin gonakin ubansu. Wani direban motar albasa ya kawo mini labari. Na taho a fusace. Aka zauna gaban mai unguwa, aka je gaban dagaci, aka ce mu raba gonar biyu a huta. Usaini, babban ɗan Haladu, ya yarda. Ni na ƙi. Na ce duka ko babu. To, ka san wanda na samu.

A kotu a Gaya, kafin a kira mu, wani mutum daga cikin masu zama a bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce, "In an tambaye ka, ka ce shekara goma sha biyar ba ka taka garin ba." Ban gane dalilinsa ba, ban kuma tambaya ba. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce, "Malam Idi, wa ya shaida aron nan?" Na lissafa masa mutum uku. Ya ce suna ina? Na ce duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce, "Ana kawo maka wani abu na gona?" Aka kira wanzamin garinmu, ya ce shi dai abin da idonsa ya gani, an taɓa kawo dami sau ɗaya, mai gona ya rantse a mayar, daga nan bai sake gani ba. Bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Sai alƙali ya ce, "Shekarun nan kana zuwa gida kuwa?"

Na gyara zama na ce, "Allah ya gafarta malam, ni ban taɓa fashin Babbar Sallah a gida ba." Har da waiwayawa, don mutanen garinmu su shaida. Na hangi mutumin bakin ƙofa ya dafe kai.

Alƙali ya yi mini bayani a tsanake, kamar mai koyar da yaro. Ya ce wanda ke nesa bai san halin da ake ciki ba, shari'a tana yi masa uzuri. Amma wanda ke zuwa, yana gani ana noma ana dasa itace kamar yadda mai abu ke yi da abinsa, ya yi shiru shekara goma ko fiye, ba dangantaka ta jini a tsakani, ba wanda ya hana shi magana, kuma ya kasa kawo shaidar cewa aro ne, to ba a sauraron ƙararsa. Ya ce sunan wannan hauzi. Ranar na fara jin kalmar. Usaini ya yi alwala ya rantse cewa iyakar saninsa kyauta aka yi wa ubansa.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗin ƙaryar da aka koya mini. Ina so in ce tsoron Allah ne. Na fi zaton son a san ina zuwa Sallah da tsaraba ne. Ko wanne ne dai, yau ina gode wa Allah da ya tsare bakina, don da na ci gonar da ƙarya, da ita kuka ci kuka girma.

Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu abin yana ci mini rai. Ina zaune nan ina ɗinke bakin buhunan geron wasu, wani lokaci in ɗebi tsaba a tafin hannu in ce wa ya sani ko daga wajenmu ta fito. Ina jin haushin waɗanda suka sha shayina shekara da shekaru, suka san aro ne, ranar shari'a kowa ya ce bai tuna ba. Ina jin haushin Haladu ma, Allah ya ji ƙansa. Ya yi jinya wata biyu, kalma ɗaya ta ishe shi ya gaya wa 'ya'yansa. Amma in na natsu sai in ce, mutumin da aka mayar masa da dami da rantsuwa, aka ce masa ya kyauta da ya dasa mangwaro, me zai ɗauka? Wataƙila har ya koma ga Allah yana yi mini addu'a a matsayin wanda ya ba shi gona. Alƙali bai zalunce ni ba. Usaini bai yi rantsuwar ƙarya ba. Na ɗauki shekaru kafin hannuna ya yarda ya rubuta wannan.

Dattawan da na kafa shaida ba laifinsu ba ne da suka mutu. Laifina ne da na zaɓi waɗanda duk suka girme ni da shekara arba'in. In za ka kafa shaida, ka sa tsoho don girma, ka sa sa'anka don gobe.

Kuskure na uku shi ne wanda na fi jin kunyarsa, don a nan ni ne azzalumin. Muna fitowa daga kotu, zuciyata na tafasa, na zarce gidan Ɗanjuma na ce ya fita mini daga Tsamiya, na gaji da masu cin amana. Bawan Allah da bai taɓa fashin kawo kaso ba. Lokacin bazara ce, kuma duk ranin nan ya yi shi yana kai taki gonar da jakinsa, mangala bayan mangala, har jakin ya yi gyambo. Al'adarmu kuwa, wanda ya zuba taki ba a tashinsa sai ya ci takinsa, damina biyu ko uku. Kowa ya san wannan, ni ma na sani. Ya ce, "Yaya Idi, ko damina ɗaya ka bar ni in ci takina." Na ce ya je ya kwashe abinsa in zai iya. Ya dube ni ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," bai ƙara ba.

Ka tuna geron farko da ka noma a Tsamiya, wanda mutane suka riƙa tsayawa a hanya suna kallo, ka kira ni kana murna? Na bar ka da murnarka. Takin Ɗanjuma ne. Na je na roƙe shi gafara bayan shekara huɗu, ya ce ai ya manta, har ya sa aka dama mini fura. Bai manta ba, kawai ya fi ni ne. Ka gane daga wannan cewa ba mai gona kaɗai ke da hakki ba. Wanda ya zuba guminsa a ƙasarka yana da nasa, kuma ba a huce haushin wani a kan wani.

Yanzu ga abin da ya karya ni. Kwana biyu bayan na kashe maka waya, mahaifiyarka ta kira ni. Ka san ta, a shekara ba ta ɗaga mini murya sau ɗaya. Ta ce, "Malam, ka gama faɗan?" Na ce wane faɗa. Ta ce, "Wanda aka jiyo tun daga Fatakwal har garin Gafasa. To bari in gaya maka wanda ke huɗe maka gonar da kake ihu a kanta." Ta ce tun shekarar da na kori Ɗanjuma, duk farkon damina Usaini ke kawo shanunsa ya huɗe Tsamiya kafin ya taɓa tasa, Rabi'u na jan akala, ba su taɓa karɓar ko ƙwandala ba, kuma shi ya roƙa kada a gaya mini. Ta ce, "Kana can kana aiko mana da umarni, yaro ɗan shekara goma sha uku ne zai huɗe gona da haƙoransa?" Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ta ce, "Da an gaya maka da ka hana, mu kwana da yunwa don kai ka kwana da girmanka." Na zauna a kan buhu har aka kira magariba.

Kai ma ka sani ka yi shiru, ka bar ni ina zaginsu a gabanka duk Sallah. Ban ji haushinka ba. Na gode maka. Na gode da shekarun da ka yi kana tashi gona kafin makaranta, da rumbun da bai taɓa zama wayam ba. Na gode wa mahaifiyarka da ta riƙe gida da miji a waya. Na gode wa Allah da ya kewaye iyalina da mutanen da suka fi ni kirki, alhali ina nesa ina ƙirga laifinsu.

To ga amsata. Ka ba Rabi'u gonar.

Na ji ana cewa akwai wani mutumin birni da ke son ta haya. Kada ka kula shi. Mai haya na shekara biyu zai tatse ta ya sare gawon da ke tsakiya don motar noma ta wuce, ya tafi bai san sunan mahaifiyarka ba. Rabi'u ya san inda ruwa ke kwanciya a gonar nan.

Amma maganarka ta cewa ba sai an yi takarda ba, ita ce ban yarda da ita ba, kuma ba don ina zargin yaron ba. Ni da Haladu ba mu taɓa yin faɗa ba. 'Ya'yanmu muka bar wa faɗan. Takardar ba don kai da Rabi'u ba ce, don waɗanda ba a haifa ba ne. Ku je wurin mai unguwa da rana, a rubuta da Hausar da kowa zai gane cewa aro ne, ba kyauta ba, ba jingina ba, ba saye ba. A kai wa dagaci ya sa hannu. Kowa ya riƙe tasa, ka ɗauki hotonta a waya ka turo mini. A rubuta cewa gefen gabas zai noma wa mahaifiyarka, saura nasa. Ba zai dasa itace ba sai da izini a gaban shaidu. In ya zuba taki, ba mai tashinsa sai ya ci damina uku, ko da ni ne na dawo da kaina na ce ina so, kuma wannan ka sa a rubuta shi da manyan baƙi saboda ka san halin ubanka. Dami ɗaya duk kaka, a ka, ta tsakiyar gari, mahaifiyarka ta karɓa. Ɗorawar da ke kusurwar kudu ba tamu ba ce, ta 'ya'yan gwaggona ce tun rabon farko, ƙasar tamu itacen nasu, a bar su su zo su kaɗe abinsu.

Kafin a rubuta, ku taka iyakar da ƙafa, kai da Rabi'u da maƙwabtan gona, ku bi layin ciyawar gamba da ke kan iyakar daga farko har ƙarshe, inda ta mutu a sake dasawa. Ka tafi da Bilkisu. Na san za a ce me mace ke yi a wurin, ka ce ubanta ya ce. Tana da rabo a gonar nan in na mutu, kuma kai za ka yi nisa, ita ce za ta fi ka kusa. Ka roƙi Ɗanjuma ya zama shaida. In ya yarda, to ya yafe da gaske.

Duk zuwan da za ka yi gida, ka je gonar. Ka gai da Rabi'u a cikinta, ka ce yaya gonarmu, ka yaba aikinsa. Kada ka zama baƙon da ke zuwa da tsaraba ya koma bai san halin da ƙasarsa ke ciki ba.

A Kaduna kuma kai ne za ka zama mai zama a wurin wani. Ni nan gefen rumfar wata mata 'yar kasuwa nake ɗinki shekara goma sha ɗaya, ba ta karɓar komai a hannuna. Duk Asabar sai na ɗinke mata buhunanta kyauta. Takan ce in bari, ni kuwa ba na bari, don 'ya'yanta su riƙa gani su san rumfar uwarsu ce, ni ɗan aro ne. Ka zama irin wannan a duk inda aka ba ka wuri. Kuma kada ka ce wata huɗu za ka yi. Ka faɗa wa kanka gaskiyar tsawon tafiyarka tun yanzu, ka shirya gida a kan haka.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba zan ɗora maka ba, nawa ne. Shekara goma sha biyu ke nan in na sauka a mota sai in zagaya ta bayan maƙabarta, tafiyar da ta ninka, don kawai kada in bi ta gefen Marke. Kuna tsammani ziyara nake tsayawa yi. Ka gaya wa Usaini, in Allah ya kai mu Sallah, ta hanyar gonarsa zan shigo gari. Ka faɗa masa haka, gonarsa. In yana ciki, ya ɗan jira ni a bakin hanya, ina da magana da shi, kuma ƙafata ba ta sauri kamar da.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin bakinka. Ya ba ka haƙurin da bai ba ni ba da wuri. Ya sa albarka a aikinka da gonar da ka bari a baya, ya ji ƙan Iya da babana da Haladu, ya sa mu gana da alheri. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata na ji.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idi